Ƙofar da Baba Ya Ƙera

Ranar Asabar Baba ya rufe shagonsa na Panteka,
ya wanke hannu da omo har sau uku.
Baƙin bai fita ba. Ya ce a bar shi, ya zama ɗan gida.
Ya sa farar shaddar da ba ta taɓa ganin tartsatsi ba,
ya ce, "Ku shirya, yau za mu shan iska."

Keke ɗaya ya kwashe mu, mu biyar:
Umma da kular dambu a cinya,
Mudan a kan ƙafata yana ƙirga motoci,
Uwani ta dafe ɗankwali kada iska ta yi gaba da shi,
Baba a gefen direba, rabin jikinsa a waje.

Muka bar Tudun Wada da hayaniyarta,
muka sauka Unguwar Rimi, ɓangaren manya.
Titi sumul, ba rami, ba kwata,
ba mai tallan awara, ba akuya ko ɗaya.
Shiru ya yi ƙiba kamar ragon layya.
Mudan ya ja mayafin Umma, ya yi raɗa:
"Rasuwa aka yi?"

A wani shago mai sanyi kamar cikin randa
Baba ya karanta farashi, ya sake karantawa,
ya gyara zaman hula.
Askirim biyu, cokali biyar.
Uwani ta lashe murfin, ta sa shi a jaka.

Muna tafe ƙarƙashin maɗatai
sai Baba ya ja ya tsaya.
Baƙar ƙofa ce, tsayin mutum biyu,
ɗawisu biyu na ƙarfe sun buɗe wutsiya a kanta.
"Wata uku na yi a kan wannan," in ji shi.
Ya naɗe hannun riga, ya nuna tabon da muka sani:
"Fiffiken hagu ne ya ba ni shi."

Maigadi ya leƙo ta 'yar taga.
"Malam, lafiya? Ba a tsayawa nan."
"Ba shiga za mu yi ba.
Amma na ji kukanta da ka taɓa ta, ƙishi take ji."
Daga aljihun farar shadda, wallahi,
Baba ya zaro 'yar kwalbar baƙin mai.
Umma ta ce, "Na shiga uku, har nan?"

Ya durƙusa, ya ɗiga wa hinji,
ɗigo ɗaya ya kauce ya sauka a gwiwarsa.
Ya kamo yatsana ya kai can ƙasa,
inda fenti bai kai ba, inda ido ba ya zuwa.
Na shafo harafi guda, a murɗe kamar ƙugiya.
"Naki ne, Sahura. Makon sunanki na gama ta."

Maigadin, Ishaya sunansa, mutumin Kaciya,
ya fito mana da benci.
Ya ci dambu loma huɗu, ya ce yajin ya kai masa gida.

Sai hon.
Mota mai baƙin gilashi, ba mu ga fuskar kowa ba.
Ƙofa ta buɗe tsawon numfashi guda:
koriyar ciyawa, famfo yana yi mata wanka,
lilo ja, ba yaro a kai.
Ta rufe.
"Kun ji?" in ji Baba. "Ko ƙis."

Da magariba muka iso gida.
Umma ta ɗaga langalangar da ke tare mana zaure,
wadda waya ke riƙe da ita tun ina aji biyu.
"To, maƙeri, tamu fa sai yaushe?"
Baba ya yi dariya. "Mu me muke ɓoyewa?"

Shaddar tana jiƙe a baho har yanzu.
Ni kuwa na kwanta ban wanke yatsan ba,
yana warin mai da tsatsa.